Inabin Rosalba da Huhun Goro

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da na hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester don in tsaya wa wata tsohuwa mai matsar giyar inabi shaida ba, ni da ko ɗigon abin bai taɓa hawa harshena ba. Ku da kuka shigo aikin duba abinci kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake sa ku sauke kaya har ƙasa kafin ku sa hannu a takarda. To, daga wannan ranar abin ya samo asali.

Shekara tara na yi ina duba abinci a ƙarƙashin council, wato hukumar gari, ina shiga gidajen cin abinci da mahauta da ma'aunin zafi a aljihu. Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka fara da ɗakunan karatu da wuraren wasan yara, muna ta jajantawa, mun manta abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wata safiya aka miƙo mini tawa takardar sallamar. Wata bakwai na yi a gida a Handsworth, unguwarmu a Birmingham, ina raka yara makaranta ina dawowa, har maƙwabta suka daina tambayata ko hutu nake yi.

Aikin da na samu daga baya a sito ne, kusa da Erdington, na wani kamfani mai shigo da kayan abinci daga Italiya. Man zaitun, cuku, taliya, tumatirin gwangwani, sai kuma giya. Muƙamina jami'in kula da inganci, na gwajin wata shida. In an gamsu a tabbatar da ni, in ba haka ba a ce mini an gode. Tun ranar ganawa na gaya wa mai kamfanin, Mista Hartley, cewa ni Musulmi ne, ba na ɗanɗanawa, ba na ɗauka, ba na sayarwa. Ya ce ba damuwa, akwai mai ɗanɗana musu a ofishinsu na Manchester, nawa takardu ne da yanayin ajiya. Na karɓa, amma ba zan ɓoye muku ba, raina bai taɓa kwanciya da wannan sashen ba. Kusurwar da ake jibge giyar ko ta gefenta ba na son bi. In an kawo takardar da ta shafe ta, daga teburina nake sa hannu.

Duk da haka takardun sun koya mini abin da ban sani ba. Ashe a wurin mutanen Italiya giya ba suna ɗaya gare ta ba. Kowane yanki da irin inabinsa, Toscana daban, Sicilia daban, Piemonte daban, kuma a cikin yanki ɗaya ma tudu da tudu ba sa yarda a haɗa su. Sunan ƙauyen da sunan gidan da suka matsa su ake rubutawa a jikin kwalba, don haka in abu ya ɓaci, sunan gida ne ya ɓaci. Wannan ban sha wuyar gane shi ba. Mahaifina fataucin goro ya yi a Kano, kuma a gabansa ba ka isa ka ce goro goro ne ba.

Cikin gidajen da muke sayen kayansu akwai wani ƙarami a tuddan Piemonte, na wata tsohuwa mai suna Rosalba. Ita da 'yarta ke riƙe da gonar tun rasuwar mijinta, kuma mafi yawan abin da suka matsa mu ke ɗauka. A kowane zuwan kaya takan cusa 'yar wasiƙa da 'yarta ta rubuta mata da hannu da Turanci a cikin takardun, ta ba da labarin ruwan bana da ƙanƙara da ranar da suka fara tsinka. Ba wanda ke karantawa sai ni.

A watan Yuli gidajen cin abinci na Manchester suka fara dawo da kwalabenta, wai ɗanɗanonta kamar an dafa ta. Dominic, mai ɗanɗana wa kamfani, ya kurɓi waɗanda aka dawo da su ya yanke hukunci nan take: tsohuwa ta tsufa, hannunta ya lalace, tun daga gida ta turo ɓatacce. Mista Hartley ya ce za a yanke hulɗa da ita, a kuma sanar da sauran masu shigo da kaya su yi hattara. Ƙa'idar aiki ita ce ba a ɗora wa mai kaya laifi sai jami'in inganci ya sa hannu cewa ajiyarmu ba ta da matsala. Ranar Litinin aka ajiye mini takardar, aka ce kafin Alhamis ake so, don tsohuwar ta ce sai ta zo da ƙafarta an faɗa mata a ido.

Na ɗauki biro, sai maganar mahaifina ta faɗo mini. In an kawo masa ƙarar huhu ya lalace, wato ɗaurin goron nan da ake naɗewa da ganye, ba ya sauraron kowa sai an kwance shi a gabansa. Yakan ce, "In ɓarna daga ciki ta faro, laifin mai ɗauri ne. In daga baya ta faro, ku tambayi mai mota da mai ɗaki." Sau nawa na ga an yi rantsuwa a kasuwa, huhu ɗaya ya kashe gardamar. Na ajiye biron, na nufi kusurwar da wata huɗu ban taka ba.

Na roƙi Winston, dattijon Jamaica mai tuka motar ɗaga kaya, ya sauke mini jibgin kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Kowane kwali na rubuta masa da alli inda yake zaune: sama, ƙasa, gefe ko tsakiya. Shi ke buɗewa, ni ina dubawa. Ba sai ka sha ba za ka gane giyar da ta ji zafi. Toshiyar bakin kwalbar takan ɗan turo kai, ka ga danƙo ya zubo a wuya, takardar jiki ta yi tabo. Layi biyu na sama duk haka suke, haka ma gefen yamma. Na tsakiya da na ƙasa kuwa tsaf, kamar yau aka rufe su.

Winston ya ɗaga kai, ni ma na ɗaga. Daidai kanmu akwai tagar gilashi a rufin, rana na zubowa a kan kayan. Ya ce, "Ai da ba a nan suke ba. Tun bazara maigida ya kashe rabin ɗakin sanyi don wuta ta yi tsada, ya ce a fito da su." Na koma ofis na zaro takardar izinin matsar da kayan. Sa hannuna ne a ƙasa, ɓaro-ɓaro. Na tuna ranar ma, na ga kalmar giya a kai na yi sauri na rabu da ita kamar ta ƙona ni.

Da yamma na gaya wa Hajara, matata, tana tuƙa tuwo. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Abban Safiya, kai fa kana probation. Saura wata biyu. Ka manta zaman da muka yi?"

"Ban manta ba."

"To mene ne naka a ciki? Giya ce fa. In ta lalace ma ai alhamdulillahi. Just sign ka huta, ba kai ka ce a kashe cold room ba."

Na ce, "Hajara, ba a kan giya ake neman sa hannuna ba. A kan mutum ake nema. Shaidar zur ko a kan mushe aka yi ta, sunanta zur."

Ta ɗauki muciya ta ci gaba da tuƙi. Can ta ce, "Allah ya sa ka san abin da kake yi. Farar rigar zan goge maka ko mai ruwan toka?" Tsoro ya kama ni sosai a lokacin, domin na san gidan haya muke, na kuma san yadda wata bakwai ɗin nan suka yi mana.

Ranar Laraba na sa aka tura kwalabe biyu Manchester a motar kamfani, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, an rufe jikinsu da takarda. Ranar Alhamis na bi su.

A ofishin na tarar da dogon tebur da kofunan gilashi a jere. Mista Hartley na zaune a kai, Dominic a damansa. Rosalba 'yar ƙaramar mace ce, baƙaƙen kaya, hannayenta duk jijiya, sun yi kanta saboda aiki. 'Yarta Elena ke yi mata tafinta. An gama karanta mata ƙorafin, ba ta ce komai ba sai, "Shekara arba'in ban tura wa kowa abin da ba zan ba 'yata ba." Mista Hartley ya juyo gare ni ya ce, "Aminu, takardar."

Na ce ban sa hannu ba, kuma kafin in yi bayani ina roƙon Dominic ya ɗanɗana waɗannan biyun. Dominic ya yi dariya ya ce yau mutumin da bai taɓa sha ba zai koya masa aiki. Na ce, "A'a, harshenka nake son ara, tunda ni ba ni da shi." Ya kurɓi ta farko ya yamutsa fuska, ya ce ga ta nan, dafaffa. Ya kurɓi ta biyu, ya riƙe ta a baki, ya daɗe bai tofar ba. Ya sake kurɓa. Don gaskiya mutumin ya san aikinsa, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Wannan lafiyayya ce. Ta wace shekara ce?"

Na yaye takardun. Gida ɗaya, shekara ɗaya, mota ɗaya ta kawo su. Na zana musu jibgin a kan allo, na nuna inda kowace ta zauna, na zana tagar rufin. Sannan na fito da takardar matsar da kayan na ajiye a tsakiyar tebur. Na ce, "Kaya sun iso mana lafiya. A hannunmu suka dahu. An fito da su daga ɗakin sanyi, kuma ni na sa hannu ban je na duba ba. Wannan baiwar Allah ba ta da laifi." Ban ambaci wanda ya kashe ɗakin sanyin ba, kowa a teburin ya sani.

Fuskar Mista Hartley ta yi ja har kunne. Elena na fassarawa, tsohuwar na kallona ba ta ƙifta ido. Da aka gama, Mista Hartley ya yi gyaran murya, ya miƙe tsaye ya ba ta haƙuri, ya ce ba za a aika wa kowa da komai ba, hulɗa kuma tana nan. Ni ko kallona bai yi ba.

A bakin ƙofa Rosalba ta riƙe hannun rigata. Ta sa Elena ta tambaye ni yadda aka yi na gane, tunda an ce ba na sha. Na ba ta labarin goro, yadda ake shimfiɗa ganye a yayyafa ruwa, da yadda mahaifina ke kwance huhu ya fara duba ciki. Ba ta san goro ba, amma tun kafin Elena ta ƙarasa take gyaɗa kai. Ta ce, "Mahaifinka da nawa da sun haɗu, da ba su buƙaci tafinta ba." A jirgin dawowa na ji wani irin alfahari da rabona da shi tun kafin a sallame ni, duk da ban san ko ina da aiki ranar Litinin ba.

Mako biyu Mista Hartley bai amsa gaisuwata ba. A na uku ya shigo ofishina ya ajiye makullin ɗakin sanyi a kan tebur, ya ce daga yau ba mai kunnawa ko kashewa sai da izinina, ya fita. Takardar tabbatarwa ta biyo baya. Na yi shekara guda a wurin, na rataya ma'aunin zafi a kowace kusurwa, har waccan. Da na samu gurbi a wannan kamfani namu na naman halal, na bar aikin da ƙafata, da sallama mai kyau.

Abin da na koya shi nake nanata muku. Ƙyamar abu ba ta sauke maka amanarsa. In ba za ka iya kallonsa ba, kada ka karɓi gadinsa. In ka karɓa, to ka je ka duba da idonka. Ni na ɗauka nisantar kusurwar nan tsoron Allah ne, alhali da wannan nisantar na kusa ɓata sunan marainiyar gona da tsohuwar da ba ta ci mini ba, ba ta sha mini ba. A aikinmu takarda ba kaya ba ce, kuma a bayan kowane kaya akwai mai shi.

A watan Oktoba na shekarar da abin ya faru, motar Italiya ta zo da wani ƙaramin akwatin katako da sunana a kai. Na ce wa Winston in kwalba ce ya mayar. Ya buɗe, ya fashe da dariya. Inabi ne ɗanye, baƙi, daga tudun Rosalba, an shimfiɗa masa ganyen inabi sama da ƙasa an naɗe shi tsaf. A cikin 'yar wasiƙar Elena ta rubuta: "Mama ta ce wannan bai zama komai ba tukuna, kana iya ci. Ta ce ta ɗaure shi yadda ka ce mahaifinka na so."

Na kai gida muka zauna da Hajara da yara. Suna ta miƙa hannu a na sama, ni kuwa na yaye ganyen na zura hannu har tsakiya na ciro curi ɗaya na ɗaga shi a haske. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓaci ba. Na yi bisimilla, na ci.