Farar Shaddar Sadiƙu a Cikin Ƙanƙara

Wata Juma'a ce a farkon Fabrairun 2009, ina da shekara goma, dusar ƙanƙara ta rufe unguwarmu ta Handsworth, can ƙasar Turawa, har aka hana mu zuwa makaranta. Gidan da muke haya tsoho ne, da doguwar hanyar mota daga ƙofa zuwa titi, ƙanƙarar da ta kwanta a kanta kuwa ta kai mini gwiwa. Baba ya ce ko ana ha maza ha mata sai ya je masallaci, don haka ya buga wa mai gidan waya ya turo a share hanyar. Tun hantsi Umma ta shirya ƙanena Sadiƙu, ɗan shekara huɗu, cikin kayan Juma'a: farar shadda a kan rigunan sanyi uku, da farar hula. Ta sallame mu waje da maganarta ta kullum, "Idonki a kan ƙanenki."

Ni kuwa idona na kan wasa. Tun jiya mu da yaran maƙwabta muka tara tudu uku a kan hanyar, muka rarake cikin kowanne kamar akurkin kaji. Na ce mu yi wasan ɓuya, na kuma ja masa kunne cewa ko ya ji ina kiransa kada ya amsa. Sadiƙu kuwa irin yaran nan ne da in ka ce su tsaya, nan za ka dawo ka same su.

Ina fuskantar bango ina ƙirga sai na ji ruri. Wani dattijon Bature ne a kan 'yar jar tarakta mai faffaɗan ƙarfe a gaba, kunnuwansa a toshe saboda ƙarar injin. Kafin in ankara ya ture tudun farko, ya niƙe shi, ya danna shi jikin katanga. Ni ko ban san wanne Sadiƙu ya shiga ba. Na ƙwala masa kira har maƙogwarona ya yi zafi, shiru, domin ni na koya masa shirun. Ko'ina na duba fari ne fat, shi ma farin na san yana sanye da shi. Da taraktar ta nufi tudu na biyu, ban san lokacin da na faɗa gabanta na ɗaga hannuwa ba. Ƙarfen ya tsaya dab da takalmina, dattijon ya kashe injin yana ta faɗa.

Umma ta fito ko takalmi babu. Kallo ɗaya ta yi wa fuskata ta gane. Ba ta yi ihu ba, sai ta daidaita muryarta ta ce, "Sadiƙu, zo ka karɓi ƙosanka kafin Yaya ta cinye." Sai ga farar hula ta leƙo daga tudu na biyu, taku uku daga bakin ƙarfen. Dattijon ya sauko ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara. Umma ba ta doke ni ba, har ta rasu ba ta taɓa tayar da zancen ba, wannan ya fi mini duka ciwo.

Yau Sadiƙu ya fi ni tsawo, abin da yake tunawa kawai shi ne wai shi ya ci wasan. 'Ya'yana kuwa suna mitar jajayen rigunan sanyin da nake tilasta musu, suna cewa na cika tsoro. Ba na musu gardama. Duk ranar da ƙanƙara ta sauka nakan tsaya a taga ina ƙirga su, muryar Umma a kunnena. Yanzu kam idona yana kansu.