Madam Rashida da Lambar Dubu Goma da Ɗaya

Rashida ɗiyar Na Allah ce, manomin hatsi a Bawdeta, kuma ita kaɗai ce a gidansu ta yi nisa a karatun lakkwal, wato boko. Shekara shida ke nan tana koyar da lissafi a wata kwaleji a Mayahi, a kan kwantiragi, irin aikin da rahoton mutum guda ke iya raba ka da shi. Shi ya sa ba ta da yawan magana a taron malamai.

Bara aka tara su gyaran takardun jarrabawar gwaji. Shugaban gyaran, Mushe Lamine, shi ya tsara tambayoyin, shi ne kuma ke rubuta rahoto a kan ƴan kwantiragi. Tambaya ta huɗu ta ce: shin dubu goma da ɗaya na cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu? Takardar amsa ta ce haka ne.

Rashida na cikin gyara sai ta ci karo da wata takarda mai rufaffen suna. Mai ita ya ce lambar tana rabuwa: saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai. Rashida ta lissafa a bayan kayenta, littafin rubutunta. Ta sake. Ta kuma. Ta ajiye jan bik ɗin da take gyara da shi ta miƙe.

"Mushe, akwai gyara a amsa ta huɗu."

Bai ɗago kai ba. "Madam, na gwada ta har talatin da ɗaya. Ba ta rabuwa."

"Sai an kai ɗari, Mushe."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya miƙa mata alli. Ta karɓa ta isa allo. Ta ninka ɗari da talatin da bakwai sau saba'in, ta rubuta 9590. Ta ninka sau uku, 411. Ta haɗa, 10001 ta fito. Ta tsaya nan, ta kasa juyowa.

Mushe Lamine ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "A dawo da duk takardun da aka gama. Za a sake." Ko sallama bai yi mata ba da aka tashi.

Wata biyu ta yi gabanta na faɗuwa duk lokacin da darakta ya kira ta. Aka sabunta mata kwantiragi, amma bana ba a sa sunanta cikin masu gyara ba.

Daga baya ta gano mai takardar: Umaima, wata yarinya daga Cake, wadda ta zauna ta yi ta rabawa ɗaya bayan ɗaya har ta bar tambaya ta ƙarshe ba amsa. Rashida ta nemi a kawo ta ajinta.