Batir a Ƙarƙashin Kujerar Baya

Ƙasimu mai gyaran wutar mota ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Rumfar da yake aiki ba tasa ba ce, ta kawunsa Na'Allah ce, yayan mahaifiyarsa, wanda ya ɗauko shi daga ƙauyensu na wajen Kware tun bai fara gemu ba. A hannun Na'Allah ya koyi bin waya daga batir har fitilar baya, ya koyi gane altaneta, mai cajin batir, in tana ciwo daga kukanta. Da ya kawo ƙarfi, Na'Allah ya ba shi 'yarsa Adawiyya, da ma suna son juna, ya kuma ware musu ɗaki biyu a cikin gidansa. Haka rayuwar Ƙasimu ta tsaya: ya kwana gidan Kawu, ya ci tuwon gidan Kawu, ya fito rumfar Kawu. Ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a haɓarsa, amma bai taɓa yanke shawarar wani abu babba shi kaɗai ba.

Shekarun baya ciwon suga ya taɓa idon Na'Allah. Abin ya zo a hankali, kuma babu wanda ya kira shi da sunansa, ko a gida ko a rumfa. Tsohon ya daina bambance jar waya da mai ruwan ƙasa, yana neman sifana tana gabansa. Kunnensa dai yana nan garau, in aka tayar da mota yana zaune kan benci zai faɗi inda matsalar take, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Ƙasimu ya samo dabarar rufa masa asiri. In suna aiki gaban mai mota sai ya ɗago waya ya tambaya ko wannan jar ce za a bi, don Kawu ya ji launin ba tare da ya nema ba.

Akwai Junaidu, abokinsa da suka koyi aiki tare a rumfar, wanda ya daɗe da komawa Abuja. Yana wani gareji da ake mayar da motoci su koma amfani da iskar gas, kuma suna neman wanda ya san waya sosai. Junaidu ya yi ta kira, yana cewa ya ajiye masa wurin, har ɗaki ya samo masa. Ƙasimu yana so. Yana so ya ga ko zai iya tsayawa da ƙafarsa, ya ga Adawiyya a gidan da ita ce za ta ce a ɗora tukunya. Adawiyya ta ce ya gaya wa Baba kawai, ai ba gudu zai yi ba. Kullum sai ya ce gobe.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a ƙauye, ƙanen mahaifinsa ne ya rasu, dole ya je ya zauna har a share makoki. Yana can aka kawo motar unguwa rumfa. Tsohuwar ƙaramar bas ce ta kwamitin masallaci, da ita ake kai marasa lafiya asibiti, da ita ake kai gawa maƙabarta. Direbanta, Sirajo, ya gaji da yadda zafin inji da zafin bazara ke kashe batir, ga shi an sayo wani babba da bai shiga mazaunin tsohon ba. Sai aka ce a mayar da shi ƙarƙashin kujerar baya, inda ya fi sanyi. Na'Allah bai ce a jira Ƙasimu ba. Ya yi aikin da hannunsa, kuma ranar da Ƙasimu ya dawo shi ne labarin farko da ya ba shi, yana murmushi.

Ba a jima ba Sirajo ya dawo da motar. Ya ce tana nauyin tashi, fitilu suna lumshewa, kuma jiya yana ɗauke da wata tsohuwa zuwa asibiti ya ji warin roba na ƙonewa, har 'ya'yanta suka ce ya tsaya.

Ƙasimu ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar. Ya bi aikin da ido tun daga batir. Wayar da aka ja daga batir zuwa inji siririya ce, ba ta isa ɗaukar wutar tayar da mota daga wannan nisa ba. An bi da ita gefen salansa, robarta ta narke ta yi baƙi. Inda ta ratsa ƙarfen ƙasan mota ba a sa mata komai ba, bakin ƙarfen ya fara cin ta. Babu fis mai yanke wuta kusa da batir. Wayar da ya kamata a ɗaure a tsurar ƙarfen mota kuwa, a kan noti mai fenti na ƙafar kujera aka ɗaure ta. Da wayar nan ta ƙarasa hujewa ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai yanke wutar, kuma daidai wurin ake kwantar da mara lafiya.

Na'Allah yana kan benci, Sirajo na tsaye kusa da shi.

"Ƙasimu, mi ka gani?" in ji tsohon.

Ƙasimu ya fito daga ƙarƙashin motar ya ce, "Zahin bana ya yi yawa, Kawu. Wayar ta ji jiki, sai an sake ta."

Ya hau babur ya tafi kasuwa wurin masu kayan mota, ya zaɓo waya mai kauri kamar yatsa, da babban fis da gidansa, da tiyo. Ya dawo ya cire duk abin da aka ja. Ya zura sabuwar wayar cikin tiyo, ya bi da ita ɗaya gefen, nesa da salansa, yana ɗaure ta a jikin mota taki bayan taki don kada ta yi lilo. Ya sa roba a bakin ramin da ta ratsa. Ya kafa fis ɗin dab da kan batir. Ya samu wuri mai ƙwari a ƙashin motar, ya kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure wayar a nan ya shafe da giris, ya ƙara wata daga inji zuwa jikin mota. Wayar altaneta ma ya canza ta da mai kauri. Ya ɗaure batir ɗin da ƙarfe, ya huda masa inda zai sha iska. Duk tsawon aikin Na'Allah yana ba da umarni daga benci, wani ya dace, wani bai dace ba, Ƙasimu yana cewa to.

Bayan la'asar Sirajo ya murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya. Maimakon ya sa albarka kamar kullum, sai Na'Allah ya miƙe, ya dafa jikin motar ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashi. Ya bi wayar da yatsunsa tun daga batir, ya tsaya a kan fis, ya shafa wurin da aka kankare. Daga nan ya ce a miƙo masa tsohuwar wayar. Ƙasimu ya so ya ce ya zubar, amma tana nan gefen ƙafarsa, sai ya miƙa. Tsohon ya murza wurin da ya narke tsakanin yatsunsa, ya ajiye ta kan benci, ya ce wa Sirajo ya tafi, aiki ya yi.

Ƙasimu ya ɗauka abin ya zo ƙarshe ke nan. Ya yi zaton tunda Kawu ya taɓa da hannunsa, zai yarda lokacin hutawa ya yi, a rufe rumfar ko a ba wani haya, shi kuma ya samu bakin yin maganar Abuja. Da suka dawo daga sallar magariba, suna zaune kan tabarma a ƙofar gida, yana shirya yadda zai fara, sai Na'Allah ya riga shi.

"Adawiyya ta hwaɗa mini zancen Junaidu," in ji shi. "In kana son tahiya, ka tahi, na yarda, Allah shi ba da sa'a. Kak ka damu da rumfa. Ina nan, hannuna bai mutu ba. Wayar ga da anka saida mini ce ba ta da kyau."

Ƙasimu ya dubi fuskarsa, ya ga da gaske yake. An ba shi izinin da ya daɗe yana jira, amma ya san abin da zai biyo baya. Gobe wata motar za ta zo, Kawu zai tashi daga benci ya ɗauki filaya, kuma babu mai shiga ƙarƙashi ya duba. Ya san ba zai iya buɗe baki ya ce wa mutumin da ya raine shi, uban matarsa, ba ya gani ba. Ko da ya faɗa, Kawu ba zai ji ba.

"Ba yanzu ba, Kawu," ya ce. "Ban shirya ba tukuna."

Washegari ya kira Junaidu ya gaya masa. Junaidu ya yi faɗa, ya ce wurin ba zai jira shi ba, kuma bai jira ba, an ba wani mutumin Gusau. Adawiyya ta yi kwanaki ba ta da walwala. Da ya ba ta labarin wayar da kujerar baya, ba ta sake tayar da maganar ba.

Tun daga nan Ƙasimu bai ƙara kwana wajen gari ba. Biki ko rasuwa a ƙauye, da sassafe yake tafiya ya dawo kafin azahar, kuma makullin akwatin kayan aiki yana aljihunsa, in an tambaya ya ce mantuwa ya yi. Na'Allah na nan kan benci yana sauraron injuna. 'Ya'yansu sun girma, ɗaki biyu sun yi musu kaɗan, Adawiyya ta ce ko za a nemi Baba ya ba su filin da ke bayan madafa. Ƙasimu ya nema, aka ba shi. Bayan ƙaramar salla ya sa aka sauke bulo da yashi a ƙofar gidan.