Ƙabar Sanusi da Hannun Inna

Ranar Larabar da ta biyo bayan ƙaramar sallar 2011, ina tsaye bakin zaure da tulu a kaina na ga an ɗora ƙanina Sanusi bisa babur, Baba a gaba Inna a baya, za a kai shi Anka a yi masa aikin ƙaba. Gero ya fara fidda kai, hanyar ƙauyenmu duk taɓo. An sa masa rigar sallarsa, Inna ta zagayo da hannunta ta dafe masa mara kamar wani zai ƙwace shi. Yana kuka, ni ma ina kuka, matan maƙwabta suna ta cewa, "Allah sarki Dije, tausayin ɗan'uwa." Ba tausayi ba ne. Wurin zaman nan nasa nake so.

Ina da shekara tara a lokacin, shi bakwai. Tun yana rarrafe yake da wani kumburi a matsematsinsa na dama, da ya yi kuka ko tari ko ya daɗe yana langa sai ya fito kamar ƙwan zabo. Kullum bayan la'asar Inna kan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ta aza kansa a cinyarta, ta murza man shanu a tafinta har ya yi ɗumi, sannan ta riƙa tura abin a hankali tana yi masa hira, har ya koma ciki da ɗan ƙugi. Ni kuwa ina gefe ina surfe, ko ina zuba wa awaki dusa, idona na kansu. Na san hannun nan sarai, da kantar taɓarya da jan lallensa, amma ba ya zuwa kaina sai ranar kitso, shi ma da ja da ranƙwashi.

Wata rana na samo ƙwallon aduwa na cusa a ƙasan zanena, na zo ina ɗingishi na kwanta a tabarmar tun kafin Sanusi ya iso. Inna ta laluba, ta zaro shi, ta yi dariya har da hawaye. "Ke Dije, mi kika so da ƙaba? Ciwon maza na. Tashi ki ɗebo muna ruwa." Na tashi, ina tafe rijiya ina roƙon Allah Ya ba ni irin ciwon, ko da ƙarami.

An yi laya, an sha jiƙo, an ɗaure masa ɗamarar tsumma. Shekarar da gubar dalma ta shigo ƙauyukanmu har jininsa aka gwada, aka ce ba ita ba ce. Abin da ya kai su Anka shi ne yinin da kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri, Sanusi ya yi ta amai, sai da ƙyar ya koma. Likita ya faɗa wa Baba cewa hanji ne ke leƙowa ta wata 'yar kafa, in ya shaƙe yana iya kisa, kuma babu man shanu ko ɗamarar da ke rufe ta. Manya akan sa musu wata raga, yara kuwa ɗan yanka ne kaɗan a ɗaure bakin kafar. Da na ji haka murna na yi a ɓoye: in an rufe, ai hannun Inna ya huta, sai ya juyo kaina.

Ina! Da suka dawo sai abin ya ƙaru. An ce kada ya ɗauki nauyi har wurin ya kama, don haka yankan harawarsa da ɗaurin itacensa suka dawo wuyana. An ce kada cikinsa ya ɗaure, sai ga gwanda da lemun 'yan dubiya, shi ke shan tsoka ni ina tsotsar ɓawo. Inna ke goge masa jiki da tsumma don kada ɗinkin ya jiƙe. Da aka warware, yaran makarantar allo suka riƙa bin sa bayan zaure don su ga tabon, shi kuwa yana ɗage riga kamar wanda ya dawo yaƙi. Kafin kaka ya koma hawan tsamiya, Inna kuma ta samu cikin autarmu, hannun ya wuce can.

Bana, nan Gummi inda nake aure, ina yi wa ɗiyata Nana wanka tana tsala ihu sai na ga ƙwan zabon nan a matsematsinta. Ban tsaya tambayar kowa ba, wanda ya yi shekaru yana hararar abu ba ya ɓace masa. Ashe mata ma suna yi. Ranar da za a yi mata aikin Inna ta zo daga ƙauye muka zauna a bencin ƙofar ɗakin tiyata. Sai ta murza tafinta a zane ta aza mini a cinya. Ɗumin nan ne, kantar nan ce. Na ƙi motsi don kada ta tuna ta ɗauke.

Sai aka turo Nana tana barci, da 'yar filasta a mararta, aka ce an gama lafiya. Na gode wa Allah da dukan zuciyata. Inna ta miƙe ta dafa jikarta, wurin da hannun ya tashi ya fara hucewa, ni kuma na bi shi da ido kamar ina gefen turmi.