Shirun da Ke Tsakiyar Kiɗa

Injin niƙana yana manne da katangar wani coci a nan Lafia. A zauren cocin akwai tsohuwar fiyano, a kanta ɗana na fari ya koyi kiɗa, wajen wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon mai kaɗa wa mawaƙan cocin. Shekara da shekaru yaron yana zuwa bayan makaranta, yana maimaita abu ɗaya har kaina ya ɗauki ciwo. Ban taɓa shiga na saurara ba. Danne-danne nake kiran abin, har a gaban abokansa. Allah ya yafe mini wannan baki nawa.

Da ya gama sakandare, wata makarantar kiɗa a Legas ta ce ya turo bidiyo: kiɗa guda mai tsawo, daga farko har ƙarshe, ba yankewa, ba wata ƙara. Fiyanon ta lalace, mai gyara bai zo ba sai ranar da za a rufe karɓa. Ranar kuwa matan Kwandere da Doma sun cika rumfata da buhunan masara da busasshen rogo, ga hadari ya haɗo daga gabas. Rufin zauren kwano ne. In ruwa ya sauko, magana ta ƙare.

Dattijon ya zagayo wurina. "Mai inji, don Allah kashe mana na ɗan lokaci. In ya gama zan ɗaga maka hannu ta taga."

"Malam, kalangu ko a tasha ana jinsa."

"Wannan ba kalangu ba ne."

Na kashe, ina gunaguni. Kiɗa ya fara, ya yi ta tafiya, ya hau, ya sauko, sai ɗif, ya tsaya. A saninmu, in makaɗi ya ɗauke hannu an gama ke nan. Ban ko dubi taga ba, na ja inji.

Sai ga yaron a bakin rumfa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Baba, ban gama ba. Shirun nan cikin kiɗan yake. Saura kaɗan."

"To wa ya ce ka tsaya?" Abin da ya fito daga bakina ke nan, maimakon haƙuri.

Ya juya. Iska ta fara kaɗa kwano. Dattijon ya ce za su sake daga farko, in yaron zai iya.

Na kashe inji, na cire bel ɗin gaba ɗaya na rataya a wuya, don na san halina. Wata mata ta ɗauki buhunta. "Oga, mu ruwa zai jiƙa wa gari saboda waƙar Turawa?"

"Mama, ɗana ne. Ki rufa mini asiri."

Ta dube ni, ta dubi bel ɗin, ta zauna a kan buhun, har ta toshe bakin goyonta da nono.

Yaron ya fara, ya yi tuntuɓe, ya sake. Sama ta yi baƙi ƙirin. A karon farko na bi kiɗan da kunnena, ina jin inda hannu ɗaya ke tambaya ɗayan na amsawa. Da aka zo wurin shirun, duk rumfar ta ɗauke numfashi. Wani ɗigo ya faɗi a kan kwano. Na runtse ido ina addu'a. Sai kiɗan ya dawo a hankali, kamar mai taka ƙasa kada ya ta da jariri.

Hannun dattijon ya fito ta taga, ruwa kuma ya kece.

Makarantar ta ɗauke shi. Yanzu in ya turo mini bidiyon kiɗa a waya, ba na cewa komai sai na ga ya miƙe daga kujera.