Tukur na Sin da Gonar Lantana

A Bakura in ka ce Tukur, sai a tambaye ka wanne. Ce Tukur na Sin, nan take za a nuna maka gidansa. Tsohon malamin firamare ne, bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ya shekara ashirin da biyar kunnensa na maƙale da rediyo yana bin labaran ƙasar Sin yana rubutawa. Littafi goma sha ɗaya ya cika. Kuskura ka tambaye shi yadda suke naɗa shugabanni ko abin da ya kawo su Afirka, wallahi sai ka roƙe shi ya bar ka ka tafi.

Dariya ake masa, har bara da wani kamfanin Sinawa ya zo neman hayar gonakin rani na Bakolori don noman shinkafa. Sai ga manoma a zaurensa suna neman shawara, har da ƙanwarsa Lantana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar albasa, gonar ce ke ciyar da ita.

Kai, ranar Tukur ya ji daɗi! Ya buɗe littattafai ya ce Sinawa komai nasu tsarin shekara biyar-biyar ne, hayar ma ba za ta wuce haka ba. Mutanen da suka saba bayar da aron gona da baki a gaban shaidu ina ruwansu da takarda? Malam ya faɗa, shi ke nan. Suka je Talata Mafara suka dangwala yatsa a takardar hayar.

Sai bayan sun dawo abin ya fara damun Tukur. Shi fa bai ga takardar ba. Tsarin gwamnati ya karanta, ba na kamfani ba. Tsoro ya hana shi tambaya har mako uku, kafin ya sa Lantana ta kawo tata.

Ta zauna bakin tabarma tana kallon bakinsa. Ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa.

"Yaya, mi kag gani?"

"Shekara talatin ce, Lantana."

Ta haura sittin, 'ya'yanta duk suna gidajen aure nesa.

"Talatin," ta ce a hankali. "To Yaya, in lokacin ya cika, wa za shi amsar mani gonar?"