Ruwa Ya Zaɓi Gidanmu

Ƙanena Hafizu injiniya ne, amma kada ku ji injiniya ku zaci mai mota da gida a GRA. A wani ɗan ofishi yake aiki inda ake zana kwalbati da magudanan ruwa, a keke yake zuwa, a keke yake dawowa. Tun yana yaro sanyi ne da shi kamar ruwan randa. Ni yayarsa na kwashe zafin gidan kaf, na bar masa haƙuri. Ranar da ya ce karatun gadoji da hanyoyin ruwa zai yi a jami'ar Yelwa, cewa na yi, "Duk karatun duniya ka rasa na yi sai na kwata?" Dariya kawai ya yi.

Gidanmu yana Fadaman Mada, a wani layi mai gangare. Mutanen layin nan suna da wata ɗabi'a da har yau take ƙona mini rai. Duk wanda ruwa ya shiga gidansa da damina, rani na yi sai ya sayi bulo da siminti ya ɗaga dokin ƙofarsa, ya cike gaban gida da ƙasa. Ruwa ya gangara kan maƙwabci, shi ma baɗi ya ɗaga nasa. Haka aka yi ta yi, har wasu gidajen sai ka hau matakala kafin ka shiga zaure.

Babanmu, Malam Hammawa kafinta, shi kaɗai ya ƙi. Ƙasa da mu gidan Dorcas ne, 'yar Bogoro mai tuyar ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Baba ya ce in ya tare ruwan, ɗakinta zai faɗa. Don haka ruwa ya shigo ta zaurenmu, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta rariya zuwa kwarin baya. Mun girma muna ɗora katifa a kan tebur. Na yi masifa har na gaji.

Da aka tashi yin titin layinmu, sai zanen magudanar ya faɗo ofishin su Hafizu, a kan teburinsa. Muka yi ta murna, mun ce namu ya samu. Ashe ba mu san dawan garin ba. Suka zo da abin awonsu mai ƙafa uku, suka auna tudu da kwari, sai ga shi duk layin ya tashi sama, gidanmu da na Dorcas ne kaɗai suka rage a ƙasa. Babbar magudanar dole ta bi inda ruwa ya saba bi, wato ta zaurenmu, ta ɗakin Baba, ta fita kwari.

Hafizu ya yi iya yinsa, wannan kam na shaida. Ya gwada bi da ita gefen titi, aka tarar da dutse shimfiɗe a ƙasa, kuma ruwa ba ya hawa tudu. Ya gwada lanƙwasa ta, sai ta faɗa tsakiyar gidan Dorcas, ga shi a kwanar yashi zai taru ya toshe ta. Dangi suka taso shi gaba, wai ɗan gida ne ke riƙe da biro amma gidan ubansa zai rushe. 'Yan layi kuma suka zuba ido, suna jiran ya karkatar da ita su ce ya yi son kai. Ni ma ban raga masa ba.

"Ka ajiye aikin mana," na ce masa.

"Yaya Zubaida, ko na ajiye, wanda zai zo bayana ma ta nan zai ja ta."

Da kansa ya je ya gaya wa Baba, yana durƙushe a bakin rumfar aiki. Baba ya ajiye katakon da ke hannunsa.

"In ka kauce mana, kan wa za ta faɗa?"

"Kan Maman Patience, Baba." Haka muke kiran Dorcas.

"To, ja abinka inda ka gani. Allah ya yi maka albarka."

Aka zo aka shafa jan fenti a katangarmu. Daga nan aikin ya tsaya cak, damina ta zo ta wuce, ga wata tana tahowa. Gidan ba ya gyaruwa tunda rushe shi za a yi, ba ya sayuwa tunda kowa ya ga fentin. Bangon ɗakin Baba ya tsage, ya tokare shi da katako, ya ce ba inda za shi sai an zo rushewa.

Hafizu ya rame. Kullum yana zuwa gaisuwa, amma iyakarsa zaure, ba ya iya ɗaga ido ya dubi ɗakin. Jiya na biyo shi waje da niyyar in ƙara wanke shi, sai na tarar yana tsaye yana kallon hadari.

"Yaya," ya ce, "da ma Baba zai zage ni ko sau ɗaya, da na samu sauƙi."

Daga ciki muka ji Baba yana kira, wai Hafizu ya shigo ya kama masa katifa su ɗora a kan tebur.